Daga Ƙauran Namoda zuwa Kalambaina: Rana, Hayaƙi da Lissafin Gona

Titin jirgin ƙasan da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tuƙe. A 1929 aka kai shi can, kuma Turawan da suka shimfiɗa shi ba jin daɗin matafiya ne ya dame su ba. Gyaɗa da auduga da fatu suka hango. Shekaru da dama jakuna da raƙuma suna kwararo kaya daga ƙauyukan Zurmi da Moriki da Shinkafi, ana aunawa a bakin tasha, ana loda taragu, su nufi Ikko. Jirgi ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, gyaɗar ma ba ta sake komawa yadda take ba tun da farin 1973 da cutar 1975 suka karya ta. Amma akwai abin da ya kamata matafiyi ya tuna idan ya tsaya a wannan tasha. Idan aka busar da tsiron gyaɗa aka auna shi, fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa daga iska da ruwa ya fito, abin da ya tsotsa daga ƙasa ɗan kaɗan ne. Ganye ne yake jawo iskar kabon dayoksaid, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana, ya mayar da su mai da siga da sitaci. Ke nan kayan da aka yi ta kwashewa daga Ƙaura zuwa masana'antun Ingila iska ce da rana ta sarrafa a gonakin talakawa.

Wannan aikin na ganye shi ne masana kimiyya suke ƙoƙarin kwaikwaya a ɗakunan gwaji. Manufarsu ita ce a tari hayaƙin da masana'antu ke fitarwa, a bi da shi ta kan wani sinadari mai shan haske, sinadarin ya yi amfani da ƙarfin rana ya wargaza gurɓatacciyar iskar, ya sake ƙulla ta ta zama man fetur ko metanol ko kayan haɗa roba da taki. Duk lokacin da labarin irin wannan bincike ya fito, akan ji ana cewa ai arewa ce za ta ci gajiyarsa, tunda rana ta yi mana yawa. Ni dai ina ganin wannan magana ta yi gaggawa. Hanyar da ta tashi daga Ƙaura, ta zaga Sakajiki da Zurmi da Shinkafi, ta ƙare a masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, ta isa ta nuna cewa rana ita ce abu mafi araha a cikin wannan lissafi, kuma fasahar ba ta da hurumin neman ko da taƙi ɗaya na ƙasar noma sai ta nuna ta fi abubuwa biyu da suka riga ta zama a nan: gonar hatsi da farantin sola.

Sakajiki gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda, kuma wanda ya bi ta wannan yanki a watan Agusta zai ga abin da ake kira kore shar. Gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum, ga wake yana rarrafe a tsakanin kunyoyi. Gero da dawa da masara suna cikin wani rukunin tsirrai da masana ke wa laƙabi da C4, bayan da Hatch da Slack suka bayyana yadda suke aiki a Ostireliya a 1966. Waɗannan tsirrai suna da dabarar tara iskar kabon a cikin ganyensu kafin su sarrafa ta, shi ya sa zafin da ke sa alkama ta yi yaushi su bai dame su ba, ba sa kuma ɓarnar ruwa. Duk da haka, idan aka auna hasken da ya sauka a gona da abin da ya koma kara da zangarniya, da wuya ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 a lokacin damina, kuma iyakar abin da lissafi ya yarda irin wannan tsiro zai iya kaiwa shi ne wajen kashi 6. Masu tallan sabuwar fasaha sukan kawo wannan a matsayin rauni, su ce na'ura za ta fi. Sai dai sukan manta da sauran abin da gero ke yi. Shi yake gina kansa daga ƙwaya ɗaya, ya gyara ganyensa idan ya lalace, ya ɗebo iskarsa daga sararin da kabon bai wuce kashi 0.04 cikin 100 ba, ya ba mutum tuwo da fura, ya ba dabba harawa, ya ba gida karan danni da na girki, sannan ya bar iri don baɗi. Duk na'urar da za a kafa a wannan fili, da wannan za a gwada ta.

Wahalar aikin kuwa daga asalin iskar take. Kabon dayoksaid toka ce, abin da ya rage bayan wuta ta gama cinye mai ko gawayi. Wanda yake son mayar da toka itace dole ya biya duk ƙarfin da wutar ta fitar, har da ƙari, domin babu na'urar da ba ta zubar da wani abu a hanya. Tunanin biyan wannan bashi da hasken rana tsoho ne. A 1912 wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Giacomo Ciamician, ya yi jawabi a birnin New York inda ya yi hasashen masana'antu marasa hayaƙi a ƙasashe masu zafi. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Japan suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake zubawa a fenti, yana iya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin idan haske ya bugi shi. A 1979 su da abokan aikinsu suka nuna ana iya samun ɗigon metanol da makamantansa daga iskar kabon ta irin wannan hanya. Abin da ke faruwa shi ne haske yana zaburar da ƙwayoyin lantarki a cikin sinadarin, su fito samansa, su shiga jikin iskar da ta manne a wurin su sauya ta. Matsalar ita ce yawancinsu sukan koma inda suka fito kafin su yi aikin komai, ga shi kuma titaniyam ba ya shan komai sai wani nau'in hasken da ido ba ya gani, wanda bai fi kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Gwaji mafi girma da aka yi a fili shi ne na Kazunari Domen da tawagarsa a Japan, wanda aka buga a 2021. Sun shimfiɗa faranti masu faɗin murabba'in mita 100, suka yi watanni suna raba ruwa, kuma mafi kyawun abin da suka samu shi ne kashi 0.76 cikin 100 na ƙarfin ranar da ta sauka. Raba ruwa kuwa ya fi sarrafa kabon sauƙi. Bayan shekara 50 ana bincike, na'urar da aka fitar waje ba ta kamo gonar dawa ba tukuna.

Daga Ƙaura hanya takan rabu. Ɗaya ta yi Zurmi, ta haye gulbin Bunsuru ta nufi Jibiya, ɗaya kuma ta bi kwarin Gagare zuwa Shinkafi. Ko wacce matafiyi ya ɗauka, abu ɗaya ne ba zai gani ba, wato bututun hayaƙin masana'anta. Hayaƙi dai akwai shi: na injin niƙa, na janareta a shagon caji, na babura da manyan motoci, na murhu a kowane gida, na ramin da ake toya gawayi, da na karan da ake cinna wa wuta lokacin sharar gona. Amma duk a warwatse yake, yana tashi iska ta kwashe. Fasahar da ake magana a kai tana son iska mai kauri, mai fitowa daga wuri ɗaya dare da rana, domin tace kabon daga sarari kai tsaye yana da tsada ninki-ba-ninki. Gusau ta taɓa yin masaƙa da injinan gurzar auduga da na matsar mai, galibinsu sun tsaya ko suna ɗingishi, kuma ko lokacin da suke aiki ba irin masana'antun da ke fitar da hayaƙi mai yawa ba ne. Iskar da Najeriya ke ɓarnatarwa da gaske tana can yankin Neja-Delta, inda ake ƙona gas a bakin rijiyoyin mai tun farkon haƙo shi. An yi doka a 1979 da ta ce a daina daga 1984, an yi ta ɗage wa'adi, an fito da shirin sayar da iskar ga 'yan kasuwa a 2016, har yau biliyoyin kubik mita suna ci da wuta kowace shekara. Ita wannan ba ta ma buƙatar wata sabuwar kimiyya, tunda makamashi ce da ba a ƙona ba tukuna. Bututu da tukunya kawai take nema. Ƙasar da ta kasa tare wadda ke da ƙarfi a jikinta, ya kamata ta yi tunani kafin ta yi alkawarin raya wadda ta riga ta mutu.

A kasuwar Shinkafi, wadda ke ci ranar Alhamis kuma take jawo fatake har daga Nijar, akwai wani kaya da ya amsa tambayar nan tun kafin a yi ta. Shi ne buhun yuriya. Manomin albasa da na shinkafa a fadama sun san shi sarai, sun san farashinsa fiye da kowa, amma kaɗan ne suka san cewa fiye da rabin abin da ake haɗa shi da shi hayaƙin masana'anta ne. A wurin haɗa taki ana fasa iskar gas a fitar da haidirojin, a haɗa ta da naitirojin na sarari a samu amoniya, haɗin da aka fara yi a masana'anta a Jamus a 1913. Fasa gas ɗin yana barin kabon dayoksaid mai yawa, sai a mayar da ita cikin amoniyar ƙarƙashin matsi, ta zama yuriya. Kowane tan na yuriya yana cin kimanin kilo 730 na wannan iska, wato a buhu mai kilo 50 an zuba kusan kilo 37. Haka ake yi a Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, haka ake yi a masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Wannan shi ne amfani mafi girma da duniya ke yi da iskar kabon a yau, kuma abin lura shi ne dalilin da ya sa ya yi nasara. Iskar tana fitowa da tsabta, a cikin harabar da ake buƙatarta, ƙarfin haɗin yana jikin amoniyar, ga kuma mai saye yana jira da kuɗi a hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya dogara da yawan rana. Kada kuma a ɗauka an ɗaure iskar har abada, domin ana watsa takin a gona, cikin 'yan kwanaki kabon ɗin ya koma sama.

Wanda ke neman bututun hayaƙi na gaske sai ya wuce Shinkafi ya shiga Isa a jihar Sakkwato, ya bi ta Marnona. Wannan hanya ce da gwamnatin jihar ta taɓa rufewa a 2021 saboda 'yan bindiga, kuma direbobi da yawa sun gwammace su koma ta Gusau da Talatar Mafara duk da nisan zagayen. A yammacin birnin Sakkwato, a ƙasar Wamakko, Kalambaina take. Ƙarƙashinta akwai dutsen farar ƙasa da ya taru daga ɓawon halittun wani teku da ya taɓa rufe yankin fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce. Saboda shi aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a 1967, daga baya ya koma hannun BUA, wanda ya ƙara masa sababbin layuka, ciki har da mai tan miliyan 3 da aka ƙaddamar a 2022. Siminti ya bambanta da sauran masana'antu a wani muhimmin wuri. Ko da an daina ƙona gawayi ko gas a tanderunsa, hayaƙin ba zai ƙare ba, domin dutsen da kansa yake fitar da shi. Duk kilo 100 na tsantsar dutsen da aka gasa, kilo 44 yakan tashi a matsayin kabon dayoksaid, kilo 56 ya rage, shi ne ake ci gaba da toyawa da yumɓu a zafin digiri 1,450. Shi ya sa siminti ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. A bututun irin wannan masana'anta kabon yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100, ya ninka na sarari sau ɗaruruwa. Idan akwai inda kimiyyar haske za ta sami aikin yi a wannan ɓangare na ƙasar Hausa, to nan ne, sai kuma masana'antar siminti ta Malbaza a tsallaken iyaka.

To, bari a yi lissafi, kowa ma zai iya bi da biro. Layi ɗaya mai tan miliyan 3 na siminti, idan yana aiki sosai, yana fitar da sama da tan miliyan 1 na iskar kabon daga dutse kawai, ban da na wutar tanderu. Tan ɗaya na iskar zai ba da kimanin kilo 730 na metanol, wanda ke ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 4,000, irin yunit ɗin da ake saya a mitar wuta. Kowane murabba'in mita na ƙasar nan yana samun kimanin yunit 2,000 na rana a shekara. Idan na'ura tana kama kashi 1 cikin 100, yunit 20 ke nan, don haka tan ɗaya yana buƙatar murabba'in mita 200, tan miliyan kuma hekta 20,000. Idan aka ƙaddara magidanci yana noma hekta 2, gonakin gidaje 10,000 ne za a rufe da gilashi saboda layi ɗaya na masana'anta ɗaya. Ko da bincike ya kai kashi 10, wanda ake ɗauka shi ne matakin da abin zai fara biyan kuɗinsa, hekta 2,000 ake magana. Ruwan da haɗin kansa zai sha, kimanin tan 800,000 a shekara, ba shi ne abin tsoro ba idan aka kwatanta da madatsar Goronyo mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900, amma sai an tace shi tas, kuma wankin faranti zai ci nasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana rage hasken, ƙura tana kwanciya a kan komai cikin yini guda. Shi kansa hayaƙin ba a shigar da shi yadda ya fito, saboda ƙurar siminti da sinadaran farar wuta da naitirojin da ke cikinsa suna kashe sinadarin da ke shan hasken, dole a wanke shi tukuna, wankin kuma makamashi yake ci. A yankin da rikicin gona da burtali ya riga ya ci rayuka, wanda ya zo neman hekta dubbai ya san abin da yake taɓawa.

Mai ja da wannan magana zai ce haka aka yi wa farantin sola dariya. Gaskiya ne. Na farko da aka ƙera a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1954 kashi 6 cikin 100 yake kamawa, tsadarsa kuwa sai tauraron ɗan Adam. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, yau ga shi a kan rufin masallatai da shagunan caji da rijiyoyin burtsatse daga Ƙaura har Shinkafi, yana kama sama da kashi 20. Amma wannan hujja, idan aka bi ta har ƙarshe, kan mai ita take komawa. Arahar sola ita ce babbar kishiyar sarrafa iska da haske kai tsaye. Ana iya ɗaukar wutar farantin a raba ruwa da ita a na'urar lantarki, a samu haidirojin, a haɗa da iskar kabon a tukunyar matsi irin wadda masana'antu suka saba da ita. A haka ana kusantar kashi 10 ɗin nan da kayan da ake sayarwa a kasuwa yanzu. A Aisland an kafa masana'antar metanol mai irin wannan tsari a 2012, sai dai a kan wutar zafin ƙarƙashin ƙasa aka gina ta, ƙarfinta kuma ya kai kimanin tan 4,000 a shekara. Ko a wannan hanya ma akwai tambayar da mutumin Sakajiki zai yi, kuma tambaya ce mai kyau: yunit ɗin da za a kashe a yi man da zai fi na gidan mai tsada, me ya sa ba za a kai shi famfon ban-ruwa ko firjin ajiye allurar rigakafi ba? A garin da asibiti ke karɓar haihuwa da tocila, amsar a fili take. Batun sauyin yanayi ma bai ceci fasahar ba sosai, tunda man da aka yi da hayaƙin siminti idan aka ƙona shi a babur kabon ɗin ya fita ke nan, an dai ci moriyarsa sau biyu. Zuba iskar cikin ɗanyen kankare ta koma dutse, kamar yadda kamfanin CarbonCure na Kanada ke yi, ya fi ɗaure ta, kuma ba ya buƙatar haske, sai dai abin da yake ɗauka kaɗan ne.

Duk da haka ban ce a watsar da binciken ba, domin akwai wuraren da haske zai iya cin kasuwa. Na farko shi ne inda bashin makamashin ba shi da yawa. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidirojin salfaid, wadda matatun mai ke fitarwa, raba ta yana buƙatar kusan kashi ɗaya cikin bakwai na abin da raba ruwa ke ci. Tsohuwar hanyar Claus da matatu ke bi tana ceto farar wutar ne kawai, haidirojin ɗin ya tafi a ruwa. A 2022 tawagar Naomi Halas a jami'ar Rice ta Amurka ta nuna cewa ƙananan ƙwayoyin zinariya da aka barbaɗa a kan garin yashi suna iya raba iskar da haske, a samu duka biyun. Farar wuta kuwa abin nema ce a ƙasar noman arewa, da ita ake yin ruwan batir ɗin da ke narka dutsen fosfet a samu takin sufa, wanda gyaɗa ke so, ga kuma fosfet a ƙasar Sakkwato. Sai dai ɗanyen man Najeriya ba shi da farar wuta sosai, matatar Kaduna da aka gina a 1980 ta shafe shekaru ba ta aikin kirki, kuma gwajin na Rice da fitilun lantarki aka yi shi. Na biyu shi ne inda abin da aka samu yake da tsada. A Kambirij, Erwin Reisner da ɗalibansa sun gwada a 2023 haɗa iskar kabon da tarkacen robar ruwa a na'ura ɗaya mai aiki da rana, suka samu gas ɗin haɗa mai a gefe ɗaya da sinadarin da ake sawa a man shafawa a ɗaya gefen. Na uku shi ne amfani da zafin rana maimakon haskenta kawai. A 2022 kamfanin Synhelion na Suwizalan da kamfanin siminti na Cemex sun tara rana da madubai a wata hasumiya kusa da Madrid, suka toya ɗanyen siminti ba tare da ƙona komai ba. Wannan ya fi kusa da buƙatar Kalambaina, ko da yake madubi rana tsantsa yake so, hazo kuma ya fi cutar da shi fiye da farantin sola.

Ambaton zinariya a Zamfara ba ya wucewa haka nan. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda dutsen da ake dakawa a cikin gidaje don tace zinariya yana ɗauke da dalma. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin ƙungiyar agaji ta MSF, aka yi shekaru ana kankare ƙasar tsakar gida ana sauya ta. Dalilin kawo wannan shi ne da yawa daga cikin sinadaran da suka fi shan hasken rana a ɗakin gwaji suna ɗauke da kadmiyam ko ita dalmar kanta, kuma sukan lalace idan sun daɗe a ruwa da rana. A takardar bincike, ƙaramin cokali ne a kwalba. A fili mai hekta dubu kuwa tan-tan ne, a bakin gulbin da mutane da dabbobi ke sha. Jihar da ta ga abin da ta gani tana da haƙƙin ta fara da tambayar inda za a zubar da faranti idan sun mutu, da wanda zai biya kuɗin kwashe su, kafin a zo maganar riba.

Saura ƙorafi mafi nauyi, wanda duk mai bin waɗannan hanyoyi zai ji a bakin mutane: ana ta kai wa yake ta kaya? Sakajiki ta sha hare-hare, har da na watan Oktoban 2021, shekarar da aka katse layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako. Akwai gonaki a gefen dazukan Dumburum da Sububu da sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Ƙorafin yana da gaskiya, kuma shi ma yana cikin lissafin, tunda babu mai zuba biliyoyi a gilashin da ba zai iya gadi ba. Amma ba dalili ba ne na barin sanin abin ga wasu. Yankin da bai da masu iya auna irin wannan fasaha shi ne ake kawo wa takardar yarjejeniya a ce sa hannu, kamar yadda aka yi ta awon gyaɗa a sikelin da mai ita bai iya karantawa ba. Masu awon kuwa akwai inda za a same su. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana Ƙaura tun 1983, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato tun 1982, Gusau ta sami jami'ar tarayya a 2013, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa ta Zariya. Aikin da ya dace da su ba ya buƙatar hekta ko ɗaya. Faranti mai murabba'in mita 10 ya isa, a kafa shi a harabar masana'anta, a ja masa hayaƙin gaske daga bututu, a ajiye farantin sola mai girmansa a gefe yana ba na'urar raba ruwa wuta. A bar su shekara guda, su sha bazara da damina da hunturu, ana rubuta abin da kowanne ya fitar, da ruwan da aka wanke shi da shi, da ranar da sinadarin ya fara gajiya, da abin da ya zuba a ƙasa. Yawancin sakamakon da ake bugawa a duniya an samo shi ne da fitilar gwaji da iska mai tsabta daga tukunyar ƙarfe, cikin 'yan awoyi. Alƙaluman watanni 12 ƙarƙashin hazon Sakkwato, da hayaƙin siminti yadda yake fitowa, abu ne da ɗakunan gwajin Tokyo da Kambirij ba za su iya samarwa da kansu ba.